Yadda muka mayar da fitilun shago da gida zuwa LED a Garwa

Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, sai da muka zaga da takarda da biro muka ƙirga fitilun wurin kaf. Ginin yana unguwar Yelwa a Garwa, a arewacin Kamaru. Shagon atamfa da shadda ne a gaba, ɗakin teloli a gefensa, su biyun a kan mita ɗaya, sai gidan iyali a baya da tasa mitar. Kowace fitila mun rubuta mata abu uku: irinta, wat nawa take ci, da awa nawa take kunne a rana. Na ukun shi ne mutane suka fi mantawa, alhali kuwa shi ke nuna inda kuɗi ke zurarewa.

A shago akwai dogayen fitilu takwas masu tsawon mita 1.2, irin waɗanda muke ce wa reglet. An rubuta wat 36 a jikin kowace, amma balas ɗin da ke cikin gidanta, wato abin da ke daidaita wutar da ke shiga fitilar, wanda mutanen Najeriya ke kira cok, yana cin nasa kamar wat 9 yana mayar da shi zafi. Don haka 45 muka lissafa wa kowace. Takwas a awa 11 sun ba da kusan kilowat 4 a rana, irin kilowat ɗin da mita ke ƙirgawa. Huɗun ɗakin teloli a awa 10 sun ba da 1.8. Sai babbar fitilar ƙofar shago, halojin mai wat 500, wadda ke kwana a kunne don tsaro: ita kaɗai kilowat 5.5 a dare ɗaya, wato ta kusa cin abin da sauran goma sha biyun ke ci a haɗe. Da aka nuna wa mai shagon lissafin sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe ɓarawon da nake gadi yana rataye a ƙofata." Jimilla kilowat 338 ke nan a kwana 30, fitilu kaɗai, kuma takardar wutar shagon na nuna sefa 92 kowane kilowat kafin haraji.

Mun karanta mitar shagon a wannan ranar da ƙarfe takwas na safe, muka sake karantawa bayan kwana bakwai a daidai lokacin. Ta ci kilowat 92. Muka ajiye lambar.

Gwajin da ya fi ƙirgar muhimmanci shi ne na ƙarfin wutar da ke shigowa. A ƙa'ida wutar Kamaru bolt 220 ce. Da safe mitar gwaji ta nuna 228 a soket ɗin shago. Bayan sallar isha'i, lokacin da duk unguwa ta kunna fanka da firji da talabijin, ta sauka zuwa 176. Wannan ba baƙon abu ba ne ga gidan da ke nesa da taransifoma, ko wanda aka ja masa siririyar waya mai tsawo. Wutar arewa kuma ta dogara ƙwarai da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai injuna na megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani sai wuta ta yi ƙaranci daidai lokacin da aka fi bukatarta, duk da tashoshin sola da aka ƙara a Marwa da Gidar. Wannan saukar ita ce ta sa tsofaffin reglet ke ta ƙifta ido da magariba ba su kama ba, domin mai tsohon balas tana wahalar tashi idan wuta ta yi ƙasa da kamar 190. Ita ce kuma ta yanke mana irin LED ɗin da za mu saya.

A gindin kowane ƙwan LED akwai ɗan allo da ke mayar da wutar gida zuwa irin wadda LED ke bukata. Masu gyara na ce masa direba. Akwai mai araha, wanda kusan kwandansa ɗaya ce, wato 'yar na'ura mai tara wuta, da 'yan tarkace: idan wuta ta yi ƙasa sai hasken ya dushe, idan ta yi sama sai ya ƙone. Akwai kuma mai daidaita kansa, wanda ake rubuta wa 85–265V ko 100–265V a kwali. A Garwa wannan rubutun nake fara nema kafin in tambayi farashi. Wanda aka rubuta wa 220–240V kawai, ko da sunan kamfaninsa ya yi nauyi, an yi shi ne don garin da wuta ba ta rawa.

Bayan wannan sai lumen, wato ma'aunin yawan haske. Wat ci ne, ba haske ba. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da lumen 700 zuwa 800, kuma LED mai kyau na wat 9 yana ba da hakan. Na wat 100 yana daidai da LED mai wat 13 zuwa 15. Ƙa'idar da ba ta cika ba ni kunya ba ita ce, LED na kirki yana ba da lumen 90 zuwa 110 a kowane wat, wani ma ya fi. Kwalin da babu lumen a jikinsa sam, sai ƙaton rubutun wat, ajiye shi. Mun tafi kasuwa da ɗan ma'aunin wat na jonawa a soket, kuma wani ƙwai da aka rubuta wa 18 ya nuna 9 da 'yan kai. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi, kwalin ne ya yi ƙarya. Wanda ba shi da ma'auni yana da dabara biyu. Ya ɗaga ƙwai biyu masu lamba ɗaya a tafin hannu: mai nauyin yawanci akwai alminiyam a cikinsa mai janye zafi, mara nauyin kuwa roba ce zalla. Sannan ya sa mai shago ya kunna, ya haska shi da kyamarar waya. Idan baƙaƙen layuka na gudu a fuskar wayar, ƙwan na ƙyaftawa ne da saurin da ido bai gani, kuma telan da zai wuni a ƙarƙashinsa zai tashi da gajiyar ido ko ciwon kai.

Launin haske ya ja gardama. A kasuwa an fi samun 6500K, farin nan mai shuɗi-shuɗi, kuma mutane na sonsa don yana kama da ya fi ƙarfi. Akwai 4000K, fari tsaka-tsaki, da 3000K mai ja-ja irin na tsohon ƙwai. Mai shagon ya so 6500K. Maimakon musu, sai muka kunna ɗaya daga kowane iri, aka shimfiɗa turmin atamfa mai ja da ruwan goro a kan kanta. A ƙarƙashin mai arahar 6500K jan ya koma kamar ruwan hanta, ruwan goron ya yi toka-toka. Aka fita da turmin bakin ƙofa cikin rana, sai ga launinsa na gaskiya, kuma na 4000K ne ya fi kusa da shi. Ba K kaɗai ke kawo wannan ba. Akwai wata lamba da ake rubutawa Ra ko IRC, mai nuna yadda fitila ke fito da launi daidai. Ga ɗaki 80 ta isa. Ga mai sayar da yadi a nemi 90 idan ana samu, domin matar da ta saya da dare ta ga wani launi daban da safe, gobe za ta dawo da kayan. Shago da ɗakin teloli sun samu 4000K.

Yawan fitilun kuma lissafi ne mai sauƙi. Shagon mita 4 ne a mita 6, murabba'i 24. Wurin ciniki yana son lumen 300 su sauka a kan kowane murabba'i, 7,200 ke nan. Sai dai ba duk hasken ke isowa ƙasa ba, musamman a shagon da bangonsa ke lulluɓe da yadi masu duhu, ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a jikin fitila. Muka ɗauka kashi shida cikin goma ne ke isowa, wato ana bukatar 12,000. Doguwar LED mai wat 18 tana ba da kamar 1,800, bakwai sun isa, amma tun da mazauni takwas ne muka cike su. Ɗinki yana son ninki biyu da rabi na wannan hasken a bakin allura. Ƙara fitilu a sama ɓarna ce, domin kan tela da kafaɗarsa na yi wa allurar inuwa. Mun bar huɗun sama, muka ɗaura wa kowane keke cikin ukun 'yar fitila mai lanƙwasa wuya ta wat 5.

Ranar aiki an kashe babban disjonta na bakin mita, mai yanke wutar wurin gaba ɗaya, ba makunnin bango ba, aka cire wayar janareta daga mahaɗarta, sannan aka taɓa kowace waya da tasta kafin hannu ya kai gare ta. Wanda ke da sola da inbata shi ma ya kashe ta, don tana iya dawo da wuta cikin layin da ake zaton ya mutu.

Da muka buɗe murfin reglet ta farko, ƙura ce ja a ciki kamar an zuba da cokali, ga gidan zanzaro manne a kusurwa. Balas ɗin ya yi baƙi, wani abu kamar kwalta ya tsiyayo daga gefensa ya daskare, wayar da ta goge shi kuma rigarta ta bushe, ana taɓawa tana marmashewa. Wannan ne dalilin da ya sa ba na yarda a bar balas a ciki, ko da kwalin LED ya ce za a iya barinsa a canza stata kawai, wato ɗan abin da ke tada tsohuwar fitila, da wata da ke zuwa tare da fitilar. Wannan hanyar tana aiki da tsohon balas mai nauyi, ba ƙarya ba ne. Amma an bar abin da ya tsufa a tsakiyar layi, ranar da ya mutu kuma fitilar za a zarga. Idan balas ɗin irin mara nauyin nan ne na lantarki, wanda ba ya amfani da stata, cire shi dole ne, sai fa in an ƙera fitilar musamman dominsa.

A nan ne ake yawan ƙona kaya, domin dogayen LED iri biyu ne kuma a ido duk ɗaya suke. Akwai mai karɓar wuta ta kai ɗaya: an rubuta L da N kusa da ƙafafu biyu na wannan kan, ɗaya kan kuma riƙo kawai yake yi. Akwai mai karɓa ta kai biyu: wayar wuta, wato faz, a wannan kai, wayar komawa, wato nutur, a wancan. A irin ta biyu, ƙafafun kowane kai sau da yawa a haɗe suke ta ciki. Idan aka yi wa mazauni haɗin kai ɗaya aka sa masa fitilar kai biyu, faz da nutur sun gamu kai tsaye: sai ƙara, sai tartsatsi, disjonta ya faɗi in ana da sa'a. Namu duk na kai ɗaya ne. Muka yanke wayoyin balas da na mazaunin stata, muka kwance su muka fitar, muka ja faz zuwa ƙafa ɗaya, nutur zuwa ɗayar a mazauni guda, ɗaya mazaunin muka bar shi babu waya. Kafin haɗi muka gwada kowane mazauni da mita don tabbatar ƙafafunsa biyu ba a haɗe suke ba. Duk inda rigar waya ta bushe muka sa sabuwa mai kaurin 1.5, haɗi kuma da domino, 'yar mahaɗar waya mai ƙusa, aka ɗaure, ba murɗawa da naɗa salatif ba, don salatif na saki a zafin Afrilu. Uku daga cikin mazaunan sun yi laushi har fitila na rawa a ciki, aka canza su. A ƙarshe muka rubuta da maka a cikin kowane gida: "LED kawai, wuta ta wannan kan, babu balas." Wanda zai hau tsanin bayan shekara biyu bai san abin da aka yi ba, kuma idan ya mayar da tsohuwar fitila a nan take za ta ƙone.

Da dare ya yi sai matsala ta fito a cikin gida. Ƙwai biyu a ɗakin Hajiya, an kashe makunni amma suna ci gaba da wani ɗan haske kamar garwashi. Ta aiko yaro ya ce wutar ta ƙi mutuwa. Da safe tasta ta nuna abin da muka zata: wanda ya yi wayarin tun farko ya sa makunnin a kan nutur, faz kuwa na tafiya kai tsaye zuwa mazaunin ƙwai. Tsohon ƙwai mai zare ba ya nuna wannan, domin 'yar wutar da ke tsiyaya ba ta isa ta ɗumama zarensa. LED kuwa abu kaɗan ke tada shi. Maganin shi ne a juya wayoyin a akwatin haɗi, makunni ya koma kan faz. Kuma ba don hasken kaɗai ba: a irin wancan haɗin, mutum na iya kashe makunni ya sa yatsa a mazauni wuta ta ja shi. Makunni mai ɗan jan ido da ke haske cikin duhu shi ma yana kawo wannan, sai a canza shi da mara ido. Idan an gyara duka biyun abin bai daina ba, yawanci doguwar waya ce da ta kwanta jikin wata mai wuta, kuma ƙaramar kwandansa irin X2 ta maikrofarad 0.1 zuwa 0.47 a tsakanin ƙafafun mazaunin tana shanye tsiyayar.

Abin da ya fi kashe LED a nan zafi ne. Awa 15,000 ko 25,000 da ake rubutawa a kwali an auna su ne a wuri mai sanyi-sanyi, ba ƙarƙashin kwanon Garwa a watan Maris da Afrilu ba, lokacin da inuwa ma ke haura digiri 40. Kwandansar cikin direba tana da ruwa a cikinta, kuma ƙa'idar da masu lantarki suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. Saboda haka a ɗakunan da ba su da silin muka sauko da mazaunin ƙwai kamar kamu biyu daga kwano. Rufaffun gilasan ado guda biyu da ke falo muka cire su, don ƙwan da aka kulle a tulu ba ya shan iska. Inda ake son haske da yawa kuma, ƙwai biyu na wat 9 sun fi ɗaya na wat 20 daɗewa, ga shi idan ɗaya ya mutu ba a zauna a duhu ba.

Fitilar ƙofa mun maye ta da LED mai wat 50, mai lambar IP65, wato ƙura ba ta shiga, feshin ruwa ma ba ya shiga. Haskenta bai wuce rabin na halojin ɗin ba a lissafin lumen, amma tsohuwar rabin haskenta sama yake tafiya da cikin idon masu wucewa. Sabuwar an kafa ta a tsayin mita uku da rabi, aka sunkuyar da ita kan ƙofa da bakin titi. Mashigar wayarta na kallon ƙasa, kuma mun bar wa wayar ɗan lanƙwasa kafin ta shiga, don ruwan sama ya ɗiga a nan maimakon ya bi ta cikin fitila. Jikinta ƙarfe ne, sai da aka haɗa shi da wayar ƙasa mai kore da rawaya. Mun sa mata makunni mai ido da ke kunnawa da magariba ya kashe da asuba, aka juya idonsa nesa da hasken fitilar, in ba haka ba zai ga haskenta ya zaci gari ya waye, ta dinga kunnawa tana kashewa har safe. A nan 3000K muka zaɓa, domin ƙwari sun fi bin fari mai shuɗi, kuma duk wanda ya taɓa share shinge a ƙofar shago a farkon damina ya san amfanin wannan.

Sauran aikin gida bai ɗauki awa biyu ba. Ƙwai shida masu zare na wat 60 sun koma wat 9. A duba bakin mazauni kafin a je kasuwa, don gidajenmu a gauraye suke: akwai na murɗawa, E27, akwai na turawa a juya, B22. Ƙwayaye biyar masu naɗin igiya na wat 20 mun bar su sai sun mutu, tun da ribar cire su yanzu kaɗan ce. Gida ya rage kamar kilowat 46 a wata, kuma wannan na da tasiri ga wanda ke kusa da iyaka, domin a lokacin gidan da bai wuce kilowat 110 a wata ba sefa 50 yake biyan kowane kilowat, wanda ya haura kuwa farashinsa 79. Abu biyu muka gargaɗi yaran gidan a kai: kada a jona LED a kan abin rage gudun fanka, kuma ƙwan sola mai bolt 12 bakinsa ɗaya da na wutar gari, ana murɗa shi a mazaunin 220 ya tashi aiki. Mun sa ƙwai mai batir a ciki a zaure da kicin saboda ɗaukewar wuta, amma ba a ƙarƙashin kwano tsirara ba, don batirinsa ya fi direba tsoron zafi.

Tsofaffin dogayen fitilu goma sha biyu ba mu bar su a bola ba. Akwai zaiba a cikinsu, 'yar kaɗan ce amma guba ce, kuma yara na son fasa su don jin ƙarar. Saboda wannan zaibar ne ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata suka amince a 2023 cewa za a daina ƙera su da cinikinsu tsakanin ƙasashe zuwa 2027, don haka wanda ke sayen sabuwar reglet mai balas yau yana sayen abin da kayan gyaransa za su yi wuya. Mun mayar da su cikin kwalayen sababbin, aka ɗaure aka ajiye a sito inda hannu ba ya kaiwa. Idan ɗaya ta fashe a ɗaki, a buɗe taga, kowa ya fita na kwata ɗaya, sannan a kwashe gilashin da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba.

Kayan ɓangaren shago da kuɗin hannu sun tashi jaka 70, wato sefa 70,000, a lokacin: dogaye goma sha biyu jaka 30, fitilar ƙofa da idonta 15 da rabi, na kekuna 7 da rabi, sauran waya da domino da mazaunai da aiki. Mun sa mai sayarwa ya rubuta kwanan wata da maka a gindin kowace fitila, kuma aka riƙe rasit, don wadda za ta mutu da wuri yawanci a watannin farko take mutuwa. Bayan kammalawa muka sake karanta mitar shagon na kwana bakwai, takwas na safe zuwa takwas na safe. Ta ci 35 a maimakon 92. Ragin kilowat 57 a mako ya kama kamar 245 a wata, sama da jaka 22 a farashin 92, wato kuɗin kayan zai dawo cikin wata uku da 'yan kwanaki. Abin da ya rage a takardar aikin shi ne na'urar kare tsawa a bakin disjonta, wadda ke bukatar a fara kafa sandar ƙasa mai kyau, kuma an sa ranar yin ta kafin hadarin Mayu.